Masu Ƙera Haƙori

A Basawa, in aka ambaci sa haƙori, hankalin tsofaffi kan haƙorin Makka yake tafiya, mai ƙyallin nan da alhazai ke dawowa da shi. Ni kuwa wanda ba ya ƙyalli nake jinjina wa, wanda gwanintar maƙerinsa ita ce kada kowa ya gane.

Likita a asibitin koyarwa na Shika zai fiƙe haƙorin da ya karye, ya ɗauki awon baki. Sauran aikin na wani bawan Allah ne da majiyyaci bai san fuskarsa ba. Yana duƙe da ɗan buroshi, yana ɗora tangaran kaɗan-kaɗan bisa ƙarfe, ya gasa, ya sake dubawa. In giɓi ne, ya haɗa uku, na gefe su riƙe na tsakiya. Har launi yake bi, Allah ya saka masa, don bakin dattijo mai cin goro ba ya karɓar fari fat.

Na san wata mai ƙosai a Samaru da ta shekara tana dariya da mayafi a baki. Ranar da aka cike giɓinta, tsiren Sabon Gari ta aika a sayo.