Littafin Gida da Littafin Hanya



Ruwan sama ne ya jawo wannan rubutu. Wata Laraba cikin damina ya tsare mu a rumfa a Babbar Kasuwar Jimeta tun bayan azahar, mu da baƙi uku abokan cinikinmu: wani Alhaji mutumin Garwa da ke sarin atamfa a wurinmu, da wani ɗan Maraɗi mai fataucin dabino, da wani Balaraben Njamena da ya biyo ta Mubi bayan ya sayar da shanunsa. Ciniki ya tsaya cik, aka ɗora shayi. Ɗan Maraɗi ya zuge jakarsa zai ciro sukari, sai ga wani tsohon littafi ya faɗo, an ɗinke bangonsa da zaren buhu. Muka ɗauka muka duba, ashe Shaihu Umar ne.

Muka ce, "Malam, har yanzu kana tare da wannan?"

Ya ce, "Liman, ai duk sanda zan ƙetaro Jibiya, shi nake fara sawa a jaka kafin takardun tafiya."

Daga nan hira ta ɓarke, kowa ya shiga faɗin inda yake ajiye littattafansa a gida da abin da yake riƙewa in ya hau mota. Mun ga ya kamata mu kawo muku abin da aka tattauna, da namu hukuncin, domin maganar ta taɓa mu inda ke mana ciwo.

Balaraben Njamena ya ce shi ɗaki guda ya ware, da durowa mai gilashi, cike da bugun Masar da na Bairut, kuma makullin yana aljihunsa ko'ina ya tafi. Alhajin Garwa ya ce nasa akwatin ƙarfe ne na gado, waƙoƙin Fulatanci ne da ajami a ciki, an naɗe kowanne da ƙyalle, kuma ba ya buɗewa sai azumi ya kama. Ɗan Maraɗi ya yi dariya ya ce nasa a kwali suke ƙarƙashin gado, duk daga Kano ya sayo su, tunda yaransa da Faransanci suka yi makaranta, Hausar ma sai sun yi da gaske suke haɗa baƙi. Sai suka juyo kanmu: "To ku fa, Liman?"

Wallahi sai muka ji nauyin baki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana adaka guda cike da littattafai: Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, da Ishiriniya rubutun hannunsa, da wasiƙun da malaminsa ya riƙa aiko masa daga Zariya. Da aka raba gado kowa ya kama abin da ake sayarwa, adakar kuwa muka kai ta ajiya gidan wani ɗan'uwanmu a bakin kogi. A 2012, da aka sako ruwan madatsar Lagdo Binuwai ta yi ambaliya, ruwa ya kwana cikin ɗakin. Da muka buɗe, takardu sun manne da juna, tawada ta narke, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Mun daɗe muna cewa ruwa ne ya ci mana littattafai. Gaskiyar ita ce, mun yi shekaru ba mu ɗaga murfin adakar nan ba. Ruwa ya zo ne kawai ya tarar da abin da muka riga muka yar.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ku shiga ɗakunanmu ku gani: ga kabet cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, ga talabijin ya cinye rabin bango, ga Alƙur'ani a naɗe can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Amma ɗan katako guda na jera littafi babu. Ana haɗa wa amarya kayan ɗaki har a ci bashi, ba mu taɓa jin an sa littafi cikin lissafin ba.

Alhali ba haka magabata suke ba. Ahmad Baba na Tambutu, wanda sojojin Maroko suka tafi da shi Marakish a 1594, ya ce littattafai 1600 aka wawashe masa, kuma nasa ne mafi ƙaranci a cikin danginsa. Da Baturen nan Kyaftin Kilapaton ya koma Sakkwato a 1826, ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya gaya masa cewa dā suna da kwafi wanda wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Ka ga sarki mai daula guda, amma yana riƙe da ciwon littafi ɗaya da ya ƙone. Mu kuwa adaka guda ta tafi, bayan sati muka koma lissafin yadi.

To, batun hanya fa? A nan ne hirar ta yi zafi. Mu fatake ne, rabin rayuwarmu a mota take. Daga tashar Jambutu zuwa Kano, ta Numan da Kaltungo da Gombe da Darazo, yini guda ne cur. Alhajin Garwa ya ce in ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde kwana yake a ciki. Me mutum ke yi da waɗannan awoyi?

Mutanen dā sun warware wannan tuntuni. Littafinsu ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne cikin gafaka, mutum ya zari 'yan takardun da zai karanta ya bar sauran a rataye. Dala'ilul Khairati ma an kasa shi ne bisa kwanakin mako, ko a wane zango ka sauka ka san inda za ka ɗora. Da irin wannan guzuri alhazan ƙafa suka ratsa Cadi da Sudan, wasu shekara da shekaru kafin su ga Makka. Daga nan muka fitar da ma'auni uku na littafin hanya: ya shiga aljihu, ya jure katsewa in an zo shingen jami'an tsaro ko taya ta fashe, kuma in ka sauka ka ji ka sauka da wani abu a kai. Bari mu ɗora littattafan da aka ambata a kan wannan sikeli.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya ci na biyu ba gardama. Aku ne ke ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri, kowane labari da farkonsa da ƙarshensa, ka gama ɗaya tsakanin Ngurore da Numan ka rufe ba ka yi asarar komai ba. Masu cewa Imam aro ya yi daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa ba su yi ƙarya ba, amma mu 'yan kasuwar yadi mun sani, ba a yabon tela don shi ya saƙa yadin, ana yabonsa ne don rigar ta zauna. Inda muke da ƙorafi shi ne yawan mai da baƙauye abin dariya. Muna yara mun ƙyaƙyata, yanzu da furfura, da muka san cewa da kuɗin mutumin ƙauye muke cin tuwo, dariyar ba ta fita kamar dā.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933, shi muka fi daɗewa a kansa. Ɗan siriri ne, kafin Gombe ka gama. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim aka ƙetare Sahara da shi, da uwarsa da ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita, ba su haɗu ba sai tana bakin mutuwa. Mun ce musu, a ganinmu uwar ce mai littafin. Umar ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, ita kuwa ita ta yanke shawara ta bar gida, ita ta biya farashin. Kuma mun yi suka cewa marubucin ya ba da labarin cinikin bayi da sanyin murya fiye da kima, kamar mai ba da labarin fari ko annoba, alhali mutane ne suka kama mutane suka sayar.

Ɗan Maraɗi bai yarda ba. Ya ce, "Liman, ai sanyin nan shi ne zafin. Da ya yi ta ihu, da na karanta sau ɗaya na ajiye. Duk sanda mota ta fita da ni daga gari na tuna tsohuwata tana zaune tana lissafin kwanaki, sai na buɗe wurin matar nan." Ba mu janye sukarmu ba, amma mun karɓi hujjarsa. Littafin da zai sa ɗan fatauci ya sauka a tasha ya kira mahaifiyarsa ya cika ma'auni na uku.

Akwai kuma Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda Imam ya fitar a 1944 kan tafiyarsa Ingila a 1943 cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Darajarsa a wurinmu ita ce an juya madubi. Bature Barth ya zo Yola a 1851, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, amma duk da haka ya koma ya rubuta mu, har yau ana karanta mu ta idonsa. A littafin Imam kuwa Bahaushe ne ya je ya kalli Bature a gidansa ya dawo ya ba mu labari da harshenmu. Sai dai mai karatu ya riƙa tunawa cewa baƙon Turawa ne, baƙo kuwa ba ya kushe tuwon mai masauki a gabansa. Abin takaici, daga shi sai Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano muka iya ambata a rumfar nan. Mutanen da suka taka Kumasi da Duwala da Jidda da Dubai da Gwanzu, a ce labarin tafiyarsu a rubuce bai cika hannu ɗaya ba?

Da aka zo kan littattafan Kano da ake kira na soyayya, Alhajin Garwa ya taɓe baki ya ce karatun mata ne. Nan muka saɓa da shi. Mun san akwai tarkace a ciki, akwai waɗanda ba za mu so a gani a hannun 'ya'yanmu ba. Amma wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ba zai yi musu kuɗin goro ba. Labarin Alhaji Abdu ne, ɗan kasuwa kamar mu, da ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, har duniya ta juya masa baya. Mun karanta shi a motar Kano, kuma ba mu ɓoye muku ba, ya fi wasu huɗubobinmu shiga jiki. Mai yiwuwa shi ya sa maza ba sa son a gan su da shi.

Saura waya. Balaraben Njamena ya nuna mana tasa, littattafai fiye da na durowarsa a ciki. Muka tambaye shi nawa ya sauke daga farko har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, "Ya Shaikh, bar wannan tambaya." Waya ta ci ma'auni na farko, ta fi kowace gafaka sauƙin ɗauka. A na biyu take faɗuwa, domin ita kanta ce mai katsewar: kana layi na uku saƙo ya shigo, sai bidiyo, sai ka farka a Darazo caji ya ƙare. Labaran da ake sayarwa shafi-shafi a WhatsApp kuma da yawansu ba mai dubawa kafin a saki, ana ja musu rai don kuɗin ya ci gaba da shigowa. Amma mu yi adalci: 'ya'yanmu mata da ke bin labaran nan sun fi mu karatun Hausa nesa ba kusa ba. Wanda bai ajiye littafi ko ɗaya a gida ba, ba shi da bakin faɗa don yarinya ta nemi karatu inda ta same shi.

Saboda haka ga abin da muke roƙon jama'ar unguwa. Duk mai adakar gado ya buɗe ta kafin damina mai zuwa, ya shanya takardun a inuwa, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya sa yaro ya rubuta sunayen abin da ke ciki. Abin da ya kasa karantawa ya kai wa malaman unguwa su duba, kada ya ƙare a hannun mai ƙosai. Duk mai zuwa sari Kano ya ratsa Kurmi ko Sabon Gari ya sayo littafi ɗaya, kuɗinsa bai kai na kazar da muke ci a hanya ba. Dattawanmu kuma da suka yi fatauci a Binuwai zamanin jiragen ruwa na zuwa har Garwa, a zauna da su a rubuta tun suna da rai. Mun tabbata wannan mujalla ba za ta hana su shafi ba.

Da ruwa ya ɗauke wajen la'asar, mun nemi ɗan Maraɗi ya sayar mana da kwafinsa. Ya mai da shi jaka ya zuge, ya ce, "Liman, dabino nake sayarwa. In na dawo bayan Sallah ka nuna min naka, sai mu yi musaya." Washegari muka kira kafinta ya buga mana katako biyu a zaure. Littattafai bakwai ne a kai yanzu, mai son aro ya zo bayan isha'i, amma za a rubuta suna.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai matafiya gida lafiya.