Tsokaci a Kan Yadda Gidajen Tarihi Ke Gabatar da Addu'ar Sadaka ta Tsohuwar Masar

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin allunan dutse na tsohuwar Masar da ke ajiye a gidajen tarihi na Alƙahira da Landan da Faris sun buɗe ne da kalmomin hetep di nesu, wato "sadakar da sarki ke bayarwa". Manufar wannan tsokaci ita ce nuna cewa al'adar taƙaita wannan rubutu a takardun bayani da cewa addu'a ce da aka saba, tauye masa haƙƙi ne ta fuskar harshe.

2.0 Sigar Addu'ar

Addu'ar tana da tsayayyen tsari: ambaton sarki, sai abin bauta kamar Osiris ko Anubis, sai abin da ake roƙo na gurasa da giya da shanu da tsuntsaye, sannan sunan mamaci. Alamar "sarki" ake fara sassaƙawa don girmamawa, alhali a karatu ita ce ta uku. Sai dai tsayayyen tsari bai hana sauyi ba. Bennett (1941) ya nuna cewa shigowar di.f, "domin ya ba da", cikin addu'ar na daga alamomin da ke rarrabe allunan daula ta 12 da na daula ta 11. Wanda ya taƙaita rubutun ya zubar da irin wannan hujja ke nan.

3.0 Magana ce ba Ado ba

Masarawa na kiran wannan sadaka peret-kheru, ma'ana "fitar murya". A wurinsu furta kalmomin shi ke isar da abincin ga mamaci. Shi ya sa wasu allunan ke roƙon masu wucewa su karanta su da baki. Ashe maimaicin da ake rainawa shi ne ainihin aikin rubutun.

Akwai kuma matsalar rarrabuwa. Simpson (1974) ya gano cewa allunan Abidos da dama da ke watse a ƙasashe daban-daban asalinsu rukuni guda ne na ɗakin tunawa ɗaya. Raba su ya raba sunayen dangi da juna.

4.0 Kammalawa

Ya kamata kowane allo ya zo da cikakken rubutunsa, da fassara kalma bi kalma, da bayanin 'yan rukuninsa. Harshen Masar da Hausa 'yan gida ɗaya ne na Afro-Asiya. Don haka manazarcin Nijeriya na da buƙatar ganin matanin a cike.