Kukan Gidan Wa Tsuntsayen Alba Suke Yi?

Yawancin wasannin da matasanmu ke bugawa a waya, in ba ƙwallo ba to harbi ne. Amma a 'yan shekarun nan an sami wani rukuni na wasannin kwamfuta da ba a kashe kowa a cikinsu. Aikinka kawai ka shiga daji ka nemi tsuntsu, ka ɗauki hotonsa, ka san sunansa. Fitacce a cikinsu shi ne Alba: A Wildlife Adventure, wanda kamfanin ustwo games na Landan ya fitar a watan Disamban 2020. Shi za mu duba a wannan sharhi, kuma da idon mutumin Sabon Birni ko Isa, domin a can ne abin da wasan ke tallatawa ya fi tsada.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wata yarinya mai suna Alba ta je hutu wurin kakanninta a wani ƙagaggen tsibiri na ƙasar Sifen. Sai ta tarar magajin gari na shirin ba da gandun dajin tsibirin a gina katafaren otal. Ita da ƙawarta Inés suka tashi tara sa hannun jama'a a takardar koke. Suna kwashe shara, suna gyara gadoji, suna ɗaukar hoton dabbobi da tsuntsaye da waya, manhaja tana faɗa musu sunan kowanne.

Inda wasan ya ciri tuta shi ne yadda ya mai da haƙuri makami. In ka taho a guje, tsuntsu ya tashi ya bar ka. Dole ka tsaya, ka kasa kunne, ka bi kukan har ka gano reshen da yake kai. Duk wanda ya taɓa fita da danko yana yaro ya san wannan sanɗar, sai dai a nan ana gamawa tsuntsun na nan da ransa. Babu agogon da ke korar ka, babu wanda ya sha gabanka da maki.

To amma wannan natsuwar ita ce ke da ciwo ga Bagobiri. Alba na yawo ita kaɗai daga safe har faɗuwar rana, kakanninta ba su da fargabar komai. A ƙauyukan Sabon Birni da Isa kuwa, 'yan bindiga sun sa zuwa gona ma ya zama sai da shawara, balle tsayuwa a fadamar Gulbin Rima ana kallon zalɓe. Dubban mutane sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. A wasan, ana yaƙar mugu da takardar koke. Mai karatu na wannan yankin zai yi murmushi kawai, don ya san adadin koken da aka kai.

Rauni na biyu shi ne kaɗaici. Mutum ɗaya ke buga Alba, alhali neman tsuntsu a wurinmu aikin taro ne: wannan ya ji kuka, wancan ya hango, na uku ya faɗi suna. Wasan Flock, wanda ya fito a 2024, ya gyara wannan, domin abokai kan haɗu ta intanet su yi shawagi tare suna tantance halittu. Sai dai halittunsa ƙagaggu ne, kuma haɗuwar na buƙatar intanet mai ƙarfi. Ba a manta ba, a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda tsaro, har da waɗannan biyun. Shi kansa Alba a wayoyin Apple da kwamfuta ya fara fitowa, ba a Tecno da itel da ke hannun jama'a ba. Idan an same shi, hanyar da ta fi armashi ita ce a majalisa, na'ura ɗaya tana zagaya hannu, kowa na ba da shawara.

Rauni na uku ya fi zurfi. Tsuntsayen Alba duk abin sha'awa ne, babu mai cin amfanin gonar kowa. Manomin gero da dawa ya san jan baki, waɗanda kan sauka kamar hadari su share gona, har gwamnati ta turo jirgin feshi. Ya san shamuwa, wadda zuwanta ke shelar damina, shi ya sa ba a taɓa ta. Ya san belbela mai bin shanu, da gauraka da ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, da burtu wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi don yaudarar namun daji. A nan tsuntsu kalanda ne, maƙwabci ne, wani lokaci abokin gaba. Bahaushe ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma na Alba kukan Turai suke yi. Abin da ke haɗa mu da su shi ne wasu tsuntsayen Turai kan ƙetaro Sahara su yi hunturu a fadamunmu, amma wasan bai biyo su ba.

Duk da haka, ba za a ce aikin banza ba ne. Irin abin da Alba ke yi a allo ana yin sa a zahiri a ƙasar nan. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai ke fita rukuni-rukuni suna shigar da abin da suka gani a manhajar BirdLasser. Wasan na iya zama matakin farko zuwa can.

Abin da ya rage ga marubutanmu da masu ƙirƙirar manhaja shi ne gaggawa. Yaron da ya tashi a gudun hijira bai yi tsaron gona ba, bai koyi bambanta kukan hasbiya da na kurciya ba. Sunayen na nan a bakin kakanninsa, tare da tatsuniyoyi da karin maganar da ke tafe da su. Duk mai niyyar yi mana irin wannan wasa da Hausa, wurin waɗannan tsofaffin ya kamata ya fara zama da na'urar ɗaukar murya, tun suna da rai.