Mai Koya wa Ƙarfe Sanin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa kafa turke a ƙasar Miga ya san ƙasa ba iri ɗaya ba ce. A kan jigawa turke yakan shige rairayi ba gardama, amma da saniya ta fizga sai ya biyo ta. Ka gangara fadama wajen kogin Haɗeja, da rani laka ta bushe ta tsattsage, ta yi taurin da in ka doka sai hannunka ya amsa. Da ruwa ya sauka kuma ta saki, abin da ka kafa jiya ya wayi gari a karkace. Makiyayi ya san wannan da tafin hannunsa. Akwai wata sana'a a duniya yau wadda jigonta shi ne koya wa na'ura irin wannan sani, kuma tun da na fahimci yadda take nake ganin girman masu yin ta.

Sana'ar ita ce injiniyancin mutum-mutumin da ke gina tashoshin lantarki na hasken rana. Tashar sola ta Kumbotso a Kano, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023, megawat 10 ce. In ka yi lissafi da faranti mai ba da wat 500, megawat 10 na cin faranti 20,000. Ta Benban kusa da Aswan a Masar ta haura megawat 1,400, wato faranti miliyoyi. Manyan farantan yanzu kowanne ya kai kilo 30 ko fiye, gilashi ne, kuma yana zama ne a kan turakun ƙarfe da aka kakkafa sahu-sahu, kai ɗaya, tsawo ɗaya. Ɗaga wannan nauyi daga safe zuwa la'asar cikin rana yana cin ƙugun ma'aikaci. Shi ya sa a 2023 kamfanin Built Robotics na Amurka ya fito da wata na'ura da ke auna fili, ta ɗauko turakunta, ta kafa su da kanta, a 2024 kuma kamfanin AES ya nuna tasa mai suna Maximo, mai dogon hannu da ke ɗaukar faranti ya aza shi a mazauninsa.

Mutum-mutumi a masana'antar haɗa motoci ɗan gata ne. Daɓensa a shafe yake, haskensa ba ya sauyawa, abin da zai ɗauka kullum a wuri ɗaya ake ajiye masa. Na fili ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dole ya san inda yake tsaye, kuma GPS irin na wayar hannu da kan kuskure da 'yan mitoci ba ya wadatarwa. Sai an kafa wata tashar gyara a filin, tana aiko masa da saƙo, kuskuren ya dawo santimita ɗaya ko biyu. Dole ya gane gefen faranti da kyamara, alhali gilashi yana mayar da hasken rana cikin idonsa. Yana riƙe farantin ne da wasu kofunan roba masu zuƙe iska, kamar yadda ƙaho ke kama fata a hannun wanzami, kuma ƙura kaɗan a kan gilashin tana iya sa riƙon ya yi sako-sako. Sai iska ta taso, farantin da ke rataye ya zama kamar faifai a hannun mai sheƙa.

A nan gwanin yake bayyana. Rubuta manhajar da za ta yi aiki a ɗakin gwaji, ɗalibi mai ƙwazo zai iya. Babban injiniya shi ne wanda ya zauna ya lissafo hanyoyin da abin zai lalace tun kafin ya lalace. Turke ya ci karo da dutse ya ƙi shiga, shin na'urar za ta ci gaba da duka har ta lanƙwasa shi, ko za ta ji sautin ya sauya ta tsaya? Hazon hunturu ya rufe kyamara, za ta yi ta lalube ko za ta kira mutum? Lebura ya gitta ta bayanta, cikin daƙiƙa nawa za ta daskare? Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi taɓa ni, domin a kanta ne injiniya na ƙwarai yake iya duban mai gidansa ya ce ba za a tayar da injin yau ba, ko da kwanan wata ya matso. Ran mutane yana cikin lissafinsa.

Saboda haka neman kujerar irin wannan injiniya ma fasaha ce mai zaman kanta. Takardun digiri suna buɗe ƙofa, haka rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN ga mai aiki a Najeriya, amma ba su ke zaunar da mutum ba. Wanda ya iya nema ba ya cika takardarsa da sunayen manhajojin da ya sani. Yakan ɗauki aiki ɗaya ko biyu da ya kai su fili, ya faɗi abin da na'urar ta yi, sa'o'i nawa ta yi ba ta tsaya ba, da wane ɓangare ne nasa a cikin aikin taro. In yana da bidiyo sai ya haɗa, gani ya kori ji. Ranar ganawa kuwa ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Za a ce ya ba da labarin ranar da injinsa ya gaza. Mai ƙaramar gogewa sai ya kare kansa. Gwani sai ya gyara zama, ya fara daga alamar farko, ya faɗi abin da ya zata da yadda zaton ya zama kuskure, ya bi sawu har wayar da zafi ya sassauta, sannan ya faɗi abin da ya sauya don kada a maimaita, da yadda ya koya wa na ƙasa da shi. Masu tambayar, in su ma sun sha ranar fili, nan take suke gane nasu.

Ina ganin tsiron wannan hali a fadamunmu, wajen samarin da ke haɗa injin ban-ruwa na sola. Mai hankali a cikinsu yakan juya faranti ya fuskanci kudu, ya ɗan kishingiɗar da shi daidai da matsayinmu na kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ya bar sarari a ƙasansa don iska ta ratsa, domin ya san faranti in ya wuce zafin digiri 25 ƙarfinsa raguwa yake yi. Akwatin da ke sarrafa famfon yana rage gudu in gajimare ya tare rana, yana kashe kansa in ruwan rijiya ya janye don kada injin ya ƙone. Ji, yanke shawara, aikatawa: ƙanen mutum-mutumi ke nan. Kuma yaron da ya ga ambaliyar 2022, ya san yadda ciyawar kachala ke toshe hanyar ruwa ta tura shi cikin gonaki, ba sai an gaya masa ya ɗaga akwatin lantarki sama da ƙasa ba.

Tsakanin wannan yaro da waccan kujera akwai tafiya mai tsawo: lissafi mai zurfi, rubuta manhaja, shekaru a ƙarƙashin wani gwani. Jami'ar Bayero tana da sashen mekatironik, inda ake haɗa ilimin inji da na lantarki da na kwamfuta, kuma ita kanta an buɗe mata tashar sola a 2019. Abin da nake so ya fara tun yau ba ya cin kuɗi: littafi ɗan ƙarami a aljihu. Duk famfon da ya tsaya, ya rubuta ranar, ƙarfe nawa, yaya sama take, me mai gonar ya ce ya ji kafin ya tsaya, me ya fara zargi, me ya tarar da ya buɗe.