Jinjina ga Makoɗa

Can arewacin Kanada, mutanen Inuwit na sassaƙa dutse su fitar da siffar namun dawa da na ruwa, duniya na saye. Namu masassaƙan dutsen a Sakkwato abinci suka sa gaba. Su ke fafe dutsen niƙa, su daidaita masa ɗansa.

Na fi jinjina wa makoɗi. Idan dutse ya yi sulɓi ya daina cin hatsi, shi zai zauna yana ƙwanƙwasa shi sannu sannu, tsakuwa na tsalle tana sukar hannunsa, har kaushin ya dawo. Injin niƙa ya rage masa ciniki ƙwarai. Amma a gidanmu na Kanwuri, kakata ba ta yarda da yajin da bai bi ta kan dutse ba.