Daga Barikin Kuza zuwa Ƙofar Kurkuku: Yadda Mata Suka Tsaya wa Mulkin Danniya

Duk lokacin da aka tashi zancen jarumtar mata a ƙasar Hausa, sunaye biyu ke fara zuwa baki: Sarauniya Amina ta Zazzau da Hajiya Gambo Sawaba. Haɗa su a sahu ɗaya kuskure ne. Amina mai mulki ce, ita ke tura runduna, ita ake kai wa haraji. Gambo kuwa ita ake tura wa 'yan doka. Wanda ke son fahimtar al'adar matan da suka ce a'a ga mai iko, sai ya bar fada ya nufi inda talakawa ke neman abinci, kuma a Arewa babu wurin da ya fi nuna asalin abin kamar garuruwan kuza na Filato.

Bukuru gari ne da kuza ta raya. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawa suka fara haƙa a ƙasar Birom. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, a 1927 babban layin dogo na gabas ya biyo baya, daga bisani kamfanin ATMN, wanda ya fi kowanne girma a harkar, ya kafu a yankin. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Filato da aikin tilas, wanda mutanenmu suka sani da ɗiban gwamna. Har zuwa 1944 hakimai da dagatai suna tattara samari daga lardunan Arewa ana kawo su cikin sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga cuta. Da yawa ba su koma gida ba. Mulkin kama-karya na farko da mutanen wannan yanki suka ɗanɗana ke nan.

Mata suna tsakiyar wannan rayuwa. Matan Birom da na sauran ƙabilun yankin suna ɗaukar kwanon ƙasa a ka zuwa wurin wanki, a kan ladan da bai kai na maza ba, alhali ramukan da ake haƙawa gonakin mazajensu ne. Matan Hausawa da suka biyo leburori suna tuwon sayarwa, suna ba da abinci bashi har ranar biya. Akwai zawarawa, akwai waɗanda suka tsere wa auren dole, akwai masu zaman kansu a ƙarƙashin magajiya, wadda ke sasanta rigimarsu, ta tara gudummawar biki da ta rasuwa, ta tsaya musu a gaban sarkin bariki. A cikin birane masu ganuwa matar aure ta gidan mutunci tana kulle. A bariki mace tana da kuɗinta a ƙugu, tana da bakin magana, tana da shugaba mace.

Shi ya sa da siyasar jam'iyyu ta kankama, aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta kuma samu gindin zama a Jos da garuruwan kuza da unguwannin Sabon Gari, irin waɗannan mata ne suka fara cika filin lacca. Su ne masu anko, masu guɗa, masu dafa wa baƙin jam'iyya abinci, masu ɓoye wanda ake nema. Gaskiya ita ce NPC, jam'iyyar sarakuna, ma daga wannan rijiya ta sha, domin ita ma magajiyoyi ne suka riƙe mata ɓangaren mata a garuruwa da dama. Bambancin yana wurin sakamako. Matar da ta bi jam'iyyar sarakuna tana da inuwa. Wadda ta bi Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, ba ta da kowa tsakaninta da kotun alƙali.

A nan ne makamin da aka fi amfani da shi a kan mata ya fito fili. Namiji ɗan adawa ana ɗaure shi, ana ƙara masa haraji, ana hana shi rumfa a kasuwa, amma ya fito daga kurkuku da kwarjini. Mace kuwa kafin a taɓa jikinta an riga an taɓa sunanta. Da ta hau mumbari sai a ce karuwa ce, ko tana da aure ko ba ta da shi. Mawaƙan siyasa na wancan zamani sun yi ta jifan juna da wannan zagi, kuma yana da amfani a wurin hukuma, domin En'e na da ikon korar mata marasa aure daga gari ko tilasta musu aure cikin wa'adi. Ba sai an tuhumi mace da siyasa ba. Ya isa a tuhume ta da rashin miji. Wannan ne ya sa waɗanda suka fi jure gwagwarmayar su ne matan da jama'a ta riga ta cire daga jerin masu mutunci, domin wanda ke kwance ba ya tsoron faɗuwa.

Gambo Sawaba daga irin wannan duniya ta gefen layin dogo ta fito. An haife ta a 1933. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya yi aiki da hukumar jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya, ta tashi a Zariya, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, ta shiga NEPU tana da kimanin 17. Ta je Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda matan Egba a ƙarƙashinta suka tilasta wa sarkinsu Alake barin gadon sarauta a 1949 saboda harajin mata. A farkon shekarun 1950 ta shiga Kano tana bin gidaje tana yi wa matan kulle bayanin jam'iyya, aka kama ta tare da ɗimbin mata bisa laifin taro ba izini, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. Masu tarihinta sun ƙirga ɗauri 16. Sun ambaci dukan da 'yan bangar siyasa suka yi mata, da askin wulaƙanci da aka yi mata a tsare. Aske kan mace ba hukunci ne da ke cikin wani kundin shari'a ba. Saƙo ne ga sauran mata.

Abin da ta fi nema shi ne ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, matan Arewa suna kallo, kuma Jamhuriya ta Farko ta zo ta wuce ba a ba su ba. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan a babban zaɓen 1979. Tarihi yana da ban haushi a nan: gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta ba su abin da farar hula suka hana su, kuma sojojin wannan gwamnati ne a Fabrairun 1977 suka jefo Funmilayo daga bene a gidan ɗanta Fela a Legas, ta rasu a Afrilun 1978.

Da mulki ya koma hannun soja kacokan, salon ya sauya. Babu jam'iyya, babu filin lacca, babu alƙalin da za a yi wa gardama a bainar jama'a. Akwai dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba da damar tsare mutum ba shari'a, akwai kotunan soja na sirri. Matan da suka fito a wannan zamani 'yan boko ne. Tun a 1982, kafin sojoji su dawo, aka assasa ƙungiyar mata ta WIN a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a wannan jami'a ne a watan Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wa ɗalibai wuta, cikin waɗanda suka mutu har da ɗaliba Farida Mustapha. A Nijar, ranar 13 ga Mayu 1991, dubban mata suka yi tattaki a Yamai saboda an kusa shirya taron ƙasa ba tare da su ba, kuma har yau ranar ce ranar matan Nijar.

Jos ta sake shigowa labarin a watan Maris 1993, lokacin da jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a nan ta tsayar da Moshood Abiola. Ya ci zaɓen 12 ga Yuni, har a jihar Kano ta abokin takararsa Bashir Tofa, Babangida ya soke, Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba, aka kama Abiola a Yunin 1994. Matarsa Kudirat ba ta zauna zaman jiran tsammani ba. Ta tara matan kasuwa da ɗalibai, ta mara wa yajin aikin ma'aikatan man fetur na 1994 baya, ta yi ta hira da 'yan jarida na gida da na waje a lokacin da manyan 'yan siyasa maza ke karɓar muƙamin minista daga hannun wanda ya tsare ɗan takararsu. Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harbe ta a cikin motarta a Legas. A 2012 wata kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha, babban jami'in tsaron Abacha, hukuncin kisa a kan lamarin, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. A Arewa an yi ta bin wannan shari'a shekara da shekaru, an yi addu'o'i, an yi gangamin tarba. Matar da aka kashe kuwa, wadda a Zariya aka haife ta a 1951, da wuya ka ji an sa ta cikin jerin jaruman matan yankin. Ba sai mutum ya yanke wa kowa hukunci ba kafin ya ga cewa wannan son kai ne.

Akwai kuma wani aiki da mulkin Abacha ya ɗora wa mata wanda ba a cika lissafa shi cikin gwagwarmaya ba. Bayan shari'ar zargin juyin mulki ta 1995, da gangan aka warwatsa fursunoni nesa da gida: Obasanjo a kurkukun Jos sannan Yola, Beko Ransome-Kuti a Katsina, Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Kudu har ya rasu a Abakaliki a Disambar 1997. 'Yar jarida Chris Anyanwu, mai mujallar TSM, an yanke mata ɗaurin rai da rai, aka rage zuwa shekara 15, ta sha zaman kurkukun Gombe, ba ta fito ba sai Yunin 1998 bayan mutuwar Abacha. Cikin waɗanda aka ɗaure har da matan da babban laifinsu kusanci da wanda ake zargi. A 1998 aka kawo shari'ar Janar Oladipo Diya kan wani zargin juyin mulkin nan Jos. A duk waɗannan shekaru, wa ke neman takardar izinin ziyara, ya kwana a mota, ya tsaya a ƙofar gidan yari da kwanon abinci da magani, ya fito da labarin cewa fursuna na raye? Mata ne da uwaye da 'ya'ya mata. Mai mulkin danniya yana son a manta da wanda ya tsare, ita kuwa mai ziyara tana hana mantuwar. Uwayen Plaza de Mayo a Ajantina, da suka fara taruwa a Afrilun 1977 suna tambayar ina 'ya'yansu, da wannan aiki suka shahara a duniya. Namu ba su samu ko suna na gama-gari ba.

Sai dai akwai tarko a cikin wannan salo. Jama'a ta fi saurin tausaya wa mace idan ta fito a matsayin matar wani ko uwar wani. Kudirat ta samu kunnen duniya da sunan mijinta, ko da yake ta wuce nan da nisa. Gambo da matan bariki sun fito da sunan kansu, suna neman haƙƙin kansu, shi ya sa zagin da suka sha ya fi muni. Har yanzu ma'aunin bai sauya sosai ba: a duba abin da ake rubuta wa duk macen da ta soki gwamna a Facebook, za a ga zagin zamanin NEPU ne aka sake wa riga.

Yadda muke ba da labarin ma yana da nasa laifin. Mun mayar da Gambo kirari. Akwai babban asibiti da sunanta a Zariya, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero, kuma a nan Jos aka buga littafin tarihinta na Rima Shawulu a 1990, tana raye, kafin rasuwarta a Oktoban 2001. Duk ta cancanta. Amma kirari mutum ɗaya yake ɗauka, kuma yana wanke shi. Ana ambaton ɗauri 16, ana tsallake waɗanda aka ɗaure tare da ita, domin faɗin ko su wane ne zai tilasta mana yarda cewa 'yancin ƙuri'ar da hajiyoyin yau ke taƙama da shi, masu tuwo-tuwo da zawarawa da matan gidan magajiya na cikin waɗanda suka fara biyan kuɗinsa.

Bukuru ta yau ta san wani irin tattakin mata. A Janairun 2010 aka yi kisan Kuru Karama, a Maris aka yi na Dogo Nahawa, duka a maƙwabtanta, kuma bayan na biyun mata sanye da baƙaƙen kaya suka cika titunan Jos suna tuhumar sojojin da aka ce su tsare su. Ƙarfin halin yana nan, amma yanzu kowane ɓangare da makokinsa, alhali kakanninsu kamfani ɗaya ya ci guminsu a bakin rami ɗaya.

A Bukuru da Jos da Barikin Ladi har yanzu akwai tsofaffin matan da suka yi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano a ƙuruciyarsu, da 'yan ƙalilan da suka ga NEPU da idonsu, da waɗanda suka ɗauki kwanon kuza. Sashen tarihi na Jami'ar Jos da gidajen rediyon jihar su tura ɗalibai da ma'aikata su naɗi muryoyinsu, da Hausa da Birom, da sunayensu da na magajiyoyinsu. Wayar hannu ta isa yin aikin, kuma waɗanda suka ga zamanin NEPU duk sun manyanta.