Stellaris da Rigimar Inda Za a Kafa Ganuwa

Tun ranar 22 ga Fabrairun 2018 masu buga Stellaris suka rabu gida biyu, kuma har yau wasu ba su huce ba. A ranar ce kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da gyara mai lamba 2.0, wanda aka laƙaba wa suna Cherryh, ya sauya yadda jirage ke tafiya tsakanin taurari. Ni dai ina cikin masu cewa an yi daidai. Ina da nawa ƙorafin, amma ba irin na waɗanda suka yi fushi ba ne.

Ga wanda bai san shi ba, wasan kwamfuta ne da ya fito a 2016. Mutum yana farawa da duniya ɗaya tak, ya yi ta faɗaɗa daularsa tauraro bayan tauraro har ya ci karo da maƙwabta. A farkon fitowarsa hanyoyin tafiya uku ne. Wani jirginsa ya tsallaka zuwa duk tauraron da ke kusa, wani ya gina tashar da za ta buɗe masa rami ya ɓullo can nesa, wani kuma ya bi layukan da aka shata. A baki abin da daɗin ji, a fagen yaƙi kuwa gina kariya ya zama zuba ruwa a kwando. Ka kashe dukiya ka kafa sansani a gabas, abokin gaba ya ɓullo ta yamma, ko ma ya dira tsakar gidanka. Gyaran 2018 ya soke hanyoyi biyun farko ya bar layuka. Daga nan taswira ta samu ƙofofi: za ka tarar da tauraro ɗaya wanda duk mai son shiga ƙasarka dole ta kansa zai bi.

Abin da ya fi burge ni ba ƙofar ba ce, iyakar da aka sa wa manyan tashoshi ce. Kowane tauraron da ka mallaka yana da 'yar ƙaramar tasha, wannan ba ta shiga lissafi. Amma waɗanda za ka ɗaukaka su zama manya ƙididdigaggu ne, in ka zarce adadin kuɗin kula da su ya yi ta hawa. Ita babbar tashar kuma gurabenta kaɗan ne, daga biyu zuwa huɗu, su tsaya a shida. A waɗannan guraben ne za ka zaɓa: masaƙerar jirage, ko mazaunin da zai ƙara yawan rundunar da za ka iya riƙewa, ko bindigogi da makamai masu linzami. Taura biyu ba ta taunuwa. Gurbin da ka ba bindiga ka hana wa arziki ke nan. Da gyaran Le Guin ya zo a Disambar 2018 ya ƙara tsananta abin, domin gaurayen ƙarfen da ake gina tasha da shi, da shi ake ƙera jiragen yaƙi. Duk katangar da ka ɗaga, jirgi ne ka fasa ƙerawa.

Wannan gyaran ne kuma ya kawo abin da nake ganin shi ne ƙololuwar dabarar wasan, wato hanyoyin fatauci. Tashar da aka sa wa gurbin kasuwa tana tattara ribar taurarin da ke kewaye da ita, ribar ta bi layi, zango bayan zango, har babban birni. In hanyar ta yi tsawo ba mai tsaronta, 'yan fashi su taru su rage abin da ke isa gida, wani lokaci ma su fito da jiragensu. Sai ga shi bindigogin da ka girka domin abokin gaba su ne ke yi wa ayari rakiya. A nan tambayar inda za a kafa sansani ta samu amsoshi biyu masu karo da juna: bakin iyaka, ko tsakiyar hanyar kasuwa? Na sha daɗewa ina kallon taswira a kan wannan fiye da yadda nake daɗewa a kan yaƙi. A gyaran 4.0 na 2025 an cire hanyoyin fataucin gaba ɗaya. Na san lissafinsu yana nauyaya wa kwamfuta in wasa ya yi nisa, amma da su aka tafi da zaren da ya ɗaure kasuwa da ganuwa.

To, ga ƙorafin nawa. A Stellaris ba ka zaɓar inda tasha za ta zauna a cikin tauraro. Kullum a tsakiya take, kusa da ranar wurin. Tashoshin haƙar ma'adinai kuwa babu wata shawara a kansu, duk inda aka ga arziki sai a dasa. Ku gwada da StarCraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito tun 1998. A can, mai buga ɓangaren mutane yakan ɗauki rumbun kayan masarufi, ginin da aikinsa kawai ƙara yawan dakarun da za a iya ɗauka, ya jera shi da barikin soja a bakin gangaren shiga gidansa, su zama katanga. Kuskuren taku ɗaya ya bar kafa, ƙananan dakarun Zerg su kwararo su cinye ma'aikata. A StarCraft II na 2010 har aka ba rumbun damar nutsewa ƙasa ya tashi kamar ƙyaure. Gini ɗaya, rumbu ne kuma ƙofa ne, kuma hannun mai wasa ne ya mai da shi haka. Stellaris ba ta ba ka wannan ba. Ita zaɓinta na sarki ne da ke nuni da sanda a taswira, ba na magini ba.

Wani zai ce ai daula mai taurari ɗari ba a shirya ta bulo-bulo. Na yarda. Amma ko a ma'auninta, ganuwar tana da ranar mutuwa. Akwai fasahar da ke hana rundunar abokin gaba wuce babbar tasha sai ta ci ta da yaƙi, kuma a tsakiyar wasa wannan yana aiki sosai. Da an kai ƙarshe sai rundunoni su yi girman da tasha ita kaɗai ba ta iya tare su, ga injin tsalle da ke ɗauke jirage ya haye da su ta saman ƙofar. Shi ya sa gwanaye suke komawa ga cika wata duniya da ke kan mashiga da barikoki da mayaƙan ƙasa, domin ita sai an yi mata ruwan bama-bamai na tsawon lokaci, ko a sauke sojoji a ƙwace ta, kafin a samu hanya. Tashar da aka kashe wa ƙarfen shekaru kuwa ba a ma rushe ta. Tana faɗuwa sai ta koma hannun wanda ya ci ta, ta gyara kanta, ta juyo da bindigoginta kan mai gininta.